Ciwon ido

Ciwon ido suna ne da ake ba kowane irin zogi, raɗaɗi, ƙaiƙayi ko jan ido, ko gani ya taɓu ko bai taɓu ba. Likitoci ba sa auna hatsarinsa da tsananin zafi. Abin da suke fara bincika shi ne ko gani ya ragu, ido ɗaya ne ko biyu, kuma tun yaushe.

Afolo

Shi ne aka fi sani. An fara ganin annobarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya kai mutum duniyar wata, daga nan sunan ya samo asali. Cikin 'yan shekaru ya bazu a Afirka ta Yamma har ya kai Asiya. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ta hanyar hannu, tawul ko tsinken saka kwalli da ake karɓa-karɓa. Kallon mai ciwon ba ya sa a kamu. Ido kan yi ja, ya kumbura, ya yi ta hawaye kamar an watsa yashi, amma gani yana nan lafiya. Yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Yawancin ɓarnar daga magani take zuwa: ruwan suga, ruwan albasa, fitsari da ruwan batir duk suna iya cinye baƙin ido su bar hakiya.

Rauni da gyambo

Ƙaiƙayin hatsi lokacin sussuka, ƙaya ko tartsatsin ƙarfe kan karce baƙin ido. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga sai gyambo, wanda ake ganewa da farin tabo, zogi da ƙin haske. Ɗigon ido mai sinadarin sitiroyid da ake saye a kyamis ba da izinin likita ba yana kwantar da ja, amma yana faɗaɗa gyambon, yana kuma iya tayar da matsin ido.

Siminti, asid ko ruwan batir in sun faɗa ido, a fara wankewa nan take da ruwa mai tsabta, ana buɗe fatar ido, na minti 20 zuwa 30, sannan a tafi asibiti. Abin da ya soke ido ba a zare shi, ba a murzawa. Mai walda da ya yi aiki ba gilashi yakan farka cikin dare da raɗaɗi, awa 6 zuwa 12 bayan aikin; wannan kan lafa cikin kwana biyu.

Hawan jinin ido

Sunan ya bi jini, amma matsalar ta ruwan cikin ido ce da ba ya samun mafita. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Nau'in da ya fi yawa a Afirka ba ya zafi ko kaɗan: yana cin gani daga gefe, mutum ya riƙa karo da ƙofa ko kujera, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya sa shi na biyu cikin abubuwan da ke kawo makanta, bayan yanar ido. Wanda ya kai shekara 40, ko ake da cutar a danginsa, ko yake da ciwon suga, ya kamata a riƙa duba shi a kai a kai.

Ɗaya nau'in kwatsam yake zuwa, da zogi mai tsanani, ciwon kai, amai, da ganin zobe mai launi kewaye da fitila. Yana iya makantarwa cikin kwanaki.

Yana

Ba ta zafi, gani ne ke yin dishi-dishi a hankali. Tiyata na gyara ta. Tura yanar da tsinke irin na gargajiya kuwa yakan ƙare da makanta.

Lokacin zuwa asibiti

A tafi a ranar idan gani ya ɗauke ko ya ragu farat ɗaya, ko da babu zafi. Idan ana ganin walƙiya, baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ƙaru, ko duhu kamar labule a gefe guda. Idan jariri ɗan ƙasa da wata ɗaya yana fitar da mugunya. Idan tsakiyar baƙin idon yaro ya yi fari. Ko mai ƙyanda ya kasa buɗe ido. Hazbiya kuwa gashi da tsumma mai ɗumi ya wadatar, sai in ta wuce mako biyu. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano na cikin wuraren da ake tura masu manyan matsaloli.