Mece ce simuleshan, kuma me ya sa ba sai da manhajar kuɗi ba?

Idan lokacin furojet ya zo a Samaru, kalma ɗaya ce ke yawo a bakin ɗaliban injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello: simuleshan. Ranar nan Baba ya ga ƙanena ya kwana gaban laftof, ya ce masa, "Kai wai mene ne wannan abu da ya hana ka barci?" Yaron ya yi ta kame-kame. Tambayar Baba ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Simuleshan shi ne kwaikwayon aikin masana'anta a cikin kwamfuta tun ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Sai dai kafin shi akwai abin da ake kira model, wato lissafin da ke siffanta abin da ke faruwa a cikin tukunya ko bututu. Ka duba mai matsar man gyaɗa a cikin gari. Gyaɗar da ta soya ta niƙa, ko dai ta fito a matsayin mai, ko ta zama tunkuzar ƙuli-ƙuli, ko ta maƙale a jikin turmi. Babu abin da ke ɓacewa. Wannan ƙa'ida, da 'yar'uwarta ta zafin da ya shiga da wanda ya fita, su ne ƙashin bayan kowane model. Simuleshan kuwa shi ne ka sa kwamfuta ta warware lissafin, ka riƙa tambayarta: in na ƙara wuta fa? In na rage ruwa fa? Matatar man Kaduna ma da irin wannan lissafi ake fahimtar aikinta, illa dai nata ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Manhajojin da suka yi suna a wannan fage, irin su Aspen Plus da HYSYS, lasisinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Shi ya sa nake son mutanenmu su san DWSIM, wadda wani injiniya ɗan Birazil, Daniel Medeiros, ya fara rubutawa a 2004. Kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke, kowa na iya dubawa ya gyara. Da zarar ka sauke ta, tana aiki ko babu data, abin da duk mai karatu a nan ya san darajarsa. Akwai kuma COCO, ita ma kyauta ce amma ba a buɗe cikinta ba. Ga mai son rubuta lissafinsa da hannunsa, Scilab da GNU Octave da Python sun ishe shi. A Indiya, cibiyar IIT Bombay ta daɗe tana ƙarfafa wa ɗalibai amfani da DWSIM.

Wurin da na fi so a tsaya shi ne nan. Ka ce kana son ware itanol daga ruwa, irin wanda ake samu daga rake ko rogo don yin man tsaftace hannu. Itanol na tafasa a wajen digiri 78, ruwa a 100, don haka sai ka ɗauka in ka yi ta dafawa kana tara tururi za ka samu tsantsarsa. Ka jawo hasumiyar tacewa, wato doguwar na'urar da ke ware sinadarai ta hanyar dafawa da tara tururi, a kan allon DWSIM, ka haɗa mata bututun shiga da na fita, ka zaɓi dokar Raoult, wato lissafi mai sauƙi da ke ɗauka cewa itanol da ruwa ba sa canza wa juna hali idan sun gauraya. Kwamfuta za ta ba ka itanol kusan tsantsa, babu gardama. Amma a zahiri hakan ba ya yiwuwa, domin da ya kai kusan kashi 95.6 cikin 100 a nauyi, shi da ruwa sai su riƙa tashi tare, ko hasumiyar ta kai tsawon hasumiyar masallaci. Ka koma ka canza zuwa NRTL, tsarin lissafin da masana biyu, Renon da Prausnitz, suka fitar a 1968, wanda shi yana la'akari da yadda sinadaran ke canza wa juna hali, nan take shingen zai bayyana a sakamakonka. Manhajar da aka saya da daloli ma haka za ta ruɗe ka in ka ba ta dokar da ba ta dace ba. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga ɗalibi yana jin kunyar cewa da ta kyauta ya yi aikinsa.

Ba na ɓoye cewa na kuɗin sun fi tarin bayanan sinadarai, kuma kamfanonin mai su suka fi tambaya wajen ɗaukar aiki. Amma wanda ya iya ɗaya, ɗayar ba za ta ba shi wuya ba.

Da ƙanena ya nuna wa Baba layukan sakamakon biyu, na Raoult da na NRTL, a kan allo, Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a gwada masa da man gyaɗa.