Pure Data da sauransu: amsoshin tambayoyin da kuke maimaita min

Tun da na fara nuna wa matasa aikin sarrafa sauti da hoto da manhajoji irin su Pure Data a shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, tambayoyin ba sa canzawa. Ga su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai mene ne abin ma?

Shirya manhaja ne ba tare da rubuta dogayen layukan umarni ba. Akwatuna kake jerawa a fuskar kwamfuta, kowanne da aikinsa, ka ja igiya daga gindin wannan zuwa kan wancan, sauti ko hoto ya bi igiyar. Shi ke nan.

Da wanne zan fara?

Pure Data. Kyauta ne. Miller Puckette ne ya rubuta shi a shekarun 1990, shi ne kuma ya ƙirƙiro Max tun a shekarun 1980 a IRCAM, cibiyar binciken kiɗa da sauti da ke Faris. Max na kuɗi ne, kamfanin Cycling '74 ke sayar da shi. TouchDesigner ya fi su ƙarfi wajen bidiyo, amma yana son kwamfuta mai kyau, na kyautar kuma hotonsa ba ya wuce 1280 sau 1280. Bar shi tukuna.

Kwamfutata tsohuwa ce, za ta ɗauka?

In sauti ne, za ta ɗauka.

Malam, na haɗa komai amma shiru.

Ka kunna DSP, wato makunnin sarrafa sauti na Pure Data? Ba ka kunna ba. Kusan duk wanda ya zo min da wannan kuka, nan matsalarsa take. Jera akwatuna uku: osc~ 440, sai *~ 0.1, sai dac~. Wannan 'yar lanƙwasar da ke ƙarshen suna ita ke nuna akwatin na sauti ne, in ka manta ta wani abu daban ka kira. Kuma don Allah kada ka cire na tsakiyar, mai rage ƙarfin sauti, alhali abin sauraro na kunnenka. Na ga yaro ya yi haka, ya wuni kunnensa na ƙara. Kunne ba a sayo shi a kasuwa.

Ina so hoton majigi ya riƙa motsi da bugun kalangu a wurin biki. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma ba zan ɗaukar maka alkawari ba, don abin da ya yi kyau a ɗakinka yakan watse a zauren taro. Hanyar dai ita ce: makirufo ya shiga ta adc~, ka miƙa shi ga bonk~, wanda aka yi shi musamman don gane bugu, duk bugu ɗaya ya aika saƙo ga ɓangaren hoto. Ko dai Gem, ƙarin da ke sarrafa hoto a cikin Pure Data ɗin, ko ka tura wa wata manhajar ta OSC, hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji. Sai dai kalangu ba ganga ba ne. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau ta sauka, kuma wannan hawa da sauka shi ne maganar kalangun. bonk~ bugu kawai yake ji. In kana son launi ya bi muryar, gwada sigmund~, mai bin tsayin murya, kodayake a kan fata yakan rikice, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya yi ta tsalle.

Sannan ga guɗa, ga maroƙi, ga lasifikar mai kiɗa, duk makirufonka yana sha. Matso da shi dab da kalangun, kamar tafin hannu tsakani, ka ɗaga matakin da bonk~ ke amsawa. Nawa za ka ɗaga? Ya danganta da zauren, sai ka je ka gwada kafin mutane su cika, kuma da sun cika za ka sake gyarawa. In ka ji gurnani a layin bayan an tayar da janareta, zare cajar kwamfutar ta zauna kan batir, sau da yawa yakan ɗauke. In bai ɗauke ba, sa hip~ ya yanke sautin ƙasa-ƙasa, inda gurnanin yake, tunda wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, amma kada ka yanke har ka cinye muryar kalangun.

Saura jinkiri. Pure Data kansa guntayen sauti 64 yake sarrafawa a lokaci guda, abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Jinkirin yakan fito ne daga katin sauti da majigin. Rage shi a saitin sauti kaɗan-kaɗan har ka ji tsattsage, sai ka koma baya taki ɗaya. Ko da hakan, wani majigin ba ya jin magani. Ka tafi da bidiyon da ka riga ka naɗa a ajiye, kada ka kunyata amarya.

Ban iya lissafi ba.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. In ka iya ba da canji a kasuwa, ka iya abin da za ka fara da shi. Sauran yana zuwa da hannu.

Na sa lamba amma akwatin bai amsa ba.

Ƙofar shiga ta dama da ke kan akwatin ajiya kawai take yi. Ta hagu ce ke tayar da akwatin. Na faɗa muku wannan tun ranar farko.

A waya fa?

Manhajar waya mai suna MobMuPlat tana buɗe abin da ka riga ka haɗa. Haɗawar kuwa, nemi kwamfuta.