Ka biya kuɗin gida, amma sunan wa ke ofishin ƙasa?

Yadda ake cinikin gida a Kano ko Zariya ko Katsina sananne ne. Dillali ya kai ka ka gani, a daidaita, mai gida ya sallama, ka ba da kafin alƙalami. Ranar biya a tara shaidu, a rubuta takarda, mai unguwa ya buga hatimi, a cire la'ada, a shafa fatiha, a miƙa maka makulli. A wurin jama'a magana ta ƙare. A wurin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa da sauran rina a kaba, kuma wanda ya yi shekara da shekaru yana tari don ya fita daga gidan haya shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da ya saura.

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa dokar a watan Maris na 1978, daga baya aka ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki, shi ya sa taɓa ta ke da wuya. Sashe na 1 ya ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan Najeriya. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka tsarin yake. Mutanen Kudu ne abin ya girgiza.

Ke nan abin da kake saya haƙƙin zama ne a kan ƙasar, tare da ginin da ke kai. Idan a cikin birni ne, gwamna ke ba da wannan haƙƙi, shaidarsa kuma ita ce takardar da muke kira satifiket, 'yan boko su ce C of O. Na gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa, kuma akwai harajin ƙasa da ake biya duk shekara. Idan a karkara ne, ƙaramar hukuma ke bayarwa. Abuja ta fita daban: can ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, minista ke tsayawa a matsayin gwamna.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 22. Ya haramta wa mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani, sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 ya ƙara da cewa duk cinikin da ya saɓa wa wannan rusasshe ne. Mutane da yawa sukan ɗauka da zarar mai gida ya danƙa musu satifiket ɗinsa shi ke nan. To amma sunan wa ke jikin takardar? Nasa. A fayil ɗin ma'aikatar ƙasa har gobe shi ne mai gida. Abin da ke maido gidan sunanka shi ne yarjejeniyar miƙa haƙƙi wadda lauya zai rubuta, ku biyu ku sa hannu, a nemi amincewar gwamna (a aikace kwamishina ne ko wani jami'in da aka wakilta ke sa hannu), a biya kuɗin hatimi, a yi rajista.

Wanda ke ganin wannan ƙa'ida ta takarda ce kawai, ya dubi shari'ar Bankin Savannah da Ajilo wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Ajilo ya jinginar da gidansa a Legas don bashi, da banki ya tashi sayarwa sai ya garzaya kotu ya ce jinginar ba ta inganta ba tunda ba a nemi amincewar gwamna ba. Banki ya ce ai gidan nasa ne tun kafin 1978, ba gwamna ya ba shi ba. Kotu ta ce duk ɗaya ne, ta rushe jinginar. Abin haushin shi ne nauyin neman amincewar a kan mai gidan yake, sai ga shi shi ya ci ribar sakacinsa. Alƙalai daga baya sun sha nuna ƙyamar irin wannan wayo, kuma sun yarda a ƙulla yarjejeniya tun kafin amincewar ta fito, sai dai haƙƙin bai gama komawa hannun mai saye ba sai ta fito. Idan banki da lauyoyinsa sun sha ƙasa, ina ga malamin makaranta?

Akwai wata dabara da dillalai ke so, musamman a Abuja: a ba ka takardar wakilci maimakon ta miƙa haƙƙi, don a guje wa kuɗi da jira. Takardar wakilci izini ce ta yin aiki da sunan wani. Ita kaɗai ba ta mayar da kai mai gida.

Na san da yawan masu sayen gidan farko ba su ma kai ga maganar satifiket ba, domin aljihunsu awon igiya yake kai su, unguwannin da masu gonaki suka yanka da kansu a bayan gari. Ba na ganin laifin kowa a nan, rabin gari haka ya ginu. Sai dai a fahimci matsayin takardar mai unguwa: shaida ce cewa an yi ciniki kuma ka biya, kotu ma tana dubawa, amma ba ta hana a ce wurin ya faɗa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Mafi muni shi ne gonar da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya, mai gonar ya dawo ta bayan gida yana sayar da fulotai. Maganin wannan shi ne bincike kafin biya a hukumar da ke ajiye bayanan filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sauran jihohi kuma ma'aikatar ƙasa da safiyo. Can za a ga sunan da ke fayil, ko gidan na jingine a banki, ko ana bin sa harajin shekaru. Ko satifiket ɗin ma ba a karɓarsa da ido rufe, don kotuna sun sha soke wanda aka fitar a kan filin da ke da mai shi tun farko.

Gidan gado kuma sai an yi taka-tsantsan ninki biyu. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayu don kawai shi ke riƙe da takardu. A nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu. A fiƙihun Malikiyya ma, idan ɗaya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shuf'a: su maido maka kuɗinka su karɓe.

Gwamna na iya ƙwace wuri? Yana iyawa, sashe na 28 ya ba shi dama idan don amfanin jama'a ne, kamar titi ko asibiti, bayan an ba da sanarwa. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da makamantansu, ba ta darajar filin kansa ba, wanda a ganina shi ne wurin da dokar ta fi cutar talaka. Sayarwa ba tare da amincewa ba ita ma dalili ce ta ƙwacewa, kuma wannan ba ta cikin waɗanda aka tanadar wa diyya.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don Asusun Gidaje na Ƙasa, idan ya nemi rancen gida daga asusun, takardar da za a iya jinginarwa za a fara tambayarsa, ta mai unguwa kuwa ba ta shiga.

Shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ita ce ya riƙe wani kaso na kuɗin, a rubuta haka cikin yarjejeniya, sai mai gida ya sa hannu a takardun neman amincewa. Kafin ya karɓi cikon, kira ɗaya zai zo. Bayan ya karɓa yana iya komawa wani gari, yana iya rasuwa, sa hannun da mutum ɗaya zai yi cikin minti biyar ya koma na magada goma sha biyu, wani yana Fatakwal, wata tana aure a Maraɗi.