Waiwaye: Subarnabanik, Attajiran Zinariya na Bengal

A tsarin al'ummar Hindu ta Bengal, yankin da yau ya rabu tsakanin gabashin Indiya da Bangladesh, inda mutum ke gadon matsayinsa da sana'arsa tun daga haihuwa, akwai rukunin 'yan kasuwa da ake kira Subarnabanik, wato fataken zinariya. Sun tara dukiya mai yawa, sun ba sarakuna da Turawa rance, amma tsawon ƙarnuka malaman Brahmin, rukuni mafi daraja a tsarin, ba sa karɓar ko ruwan sha daga hannunsu, wanda a wancan tsari shi ne ma'aunin daraja.

Su kansu suna danganta wannan ƙasƙanci da Sarki Ballal Sen na ƙarni na 12. Labarin da aka gada ya ce sarkin ya nemi rancen kuɗin yaƙi daga wani attajirinsu mai suna Ballabhananda, da attajirin ya gindaya sharaɗi sai sarki ya fusata ya rage wa rukunin gaba ɗaya matsayi. An rubuta labarin ne ƙarnuka bayan zamanin sarkin, amma yadda suka riƙe shi ya nuna irin zafin da abin ya yi musu.

Babbar cibiyarsu a dā ita ce Saptagram, tashar jiragen ruwa a bakin kogin Saraswati. A nan, a ƙarni na 16, Nityananda, abokin tafiyar Chaitanya, wani babban malamin addinin Hindu, ya karɓe su hannu bibbiyu cikin ɗariƙar Vaishnava ta masu bautar Krishna, har ɗan rukunin, Uddharan Datta, ya zama cikin manyan almajiransa. Da yashi ya cike kogin, jiragen suka daina zuwa, sai fataken suka kwashe kayansu zuwa garuruwan Hugli da Chinsura, daga baya kuma Kalkata bayan kafuwarta a 1690.

A Kalkata suka zama dillalai da masu ba Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila bashi, kuma daga nan suka fara amfani da dukiya wajen neman darajar da asali ya hana su. Motilal Seal ya buɗe makarantar kyauta a 1842 domin 'ya'yan talakawa su koyi Turanci. Rajendra Mullick ya gina Fadar Marmara a 1835, ya cika ta da gumaka da madubai da zane-zanen Turai, sannan a yunwar da ta afka wa yankin Orissa mai maƙwabtaka da Bengal a 1866 ya buɗe ƙofarsa ga mayunwata, ana dafa shinkafa ana rabawa kullum. Gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi sarauta saboda wannan hidima, kuma zuriyarsa na zaune a wani sashe na gidan har yau.