Kitse da ciwon gawut: yadda likitoci suka bi sawu har ƙoda

A 1683 wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya rubuta yadda ciwon gawut ke kama mutum, kuma ba labarin ji ya bayar ba, don shi ma ya yi shekaru yana fama da shi. Mutum ya kwanta lafiya lau, wajen ƙarfe biyun dare azaba ta tashe shi a babban yatsan ƙafa, ko nauyin mayafi ba ya iya jurewa, balle wani ya taka da ƙarfi a ɗakin. A Turai ciwon sarakuna ake ce masa, don masu ci da maiƙo ya fi kamawa. Tun da can dai abinci ake zargi. Wane ɓangare na abincin, kuma ta wace hanya, shi ne ya ci ƙarnuka ana nema.

Alfred Garrod ne ya nuna a Landan, a 1848, cewa jinin masu gawut ya fi na sauran mutane yawan sinadarin yurik, wani datti da jiki ke fitarwa ta fitsari. Daga baya ya fito da wani gwaji mai sauƙi: a zuba ruwan jini a ƙaramin faranti na gilashi, a ɗiga masa ruwan tsami, a tsoma zare, a bar shi kwana biyu. In mai ciwon ne, sai a tarar ƙwayoyin yurik sun yi layi a jikin zaren kamar sukari. Da aka gano cewa yurik daga sinadarin fiyurin yake samuwa, sai ido ya koma kan nama, hanta, ƙoda da wasu kifaye, masu fiyurin da yawa. Kitse zalla kuwa kusan ba shi da fiyurin, sai ya tsira daga zargi.

Bai daɗe da tsira ba. A 1924 William Lennox, likitan farfaɗiya a Amurka, ya lura cewa majinyatan da ake hana wa abinci kwana da kwanaki don rage musu faɗuwa, yurik ɗinsu hawa yake. Wannan fa ba irin azuminmu ba ne da ake buɗe baki da magariba. Yunwa ce tsantsa. To mutumin da bai ci komai ba, ina ya samo fiyurin? Shekara guda bayan haka masu bincike a Toronto suka ga irin wannan hawan ga waɗanda aka ɗora kan abinci mai kitse da yawa. A 1935 kuma masu bincike Lockie da Hubbard suka ba masu gawut huɗu irin wannan abinci, ciwon ya motsa.

Abin da ya haɗa mai yunwa da mai cin kitse shi ne dukansu kitse jikinsu ke ƙonawa maimakon sitaci, kuma in hakan ta faru hanta na fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton. A 1965 masu bincike Goldfinger da Klinenberg da Seegmiller suka yanke gardama: suka ɗura wa mutane kiton ta jijiya, nan take yurik ɗin da ke fita ta fitsari ya ragu. Ashe ba yawan shigowa ba ne, ƙofar fita ce ta matse.

A nan labarin ya fi armashi. Kusan kashi biyu cikin uku na yurik ta ƙoda yake fita, saura ta hanji. Amma ƙodar ɗan Adam marowaciya ce: bayan ta tace, sai ta mayar da kusan kashi 90 cikin 100 cikin jini. Sai a 2002 masana a Japan suka gano ƙofar da take mayarwar, suka sa mata suna URAT1. Aikinta ba ni gishiri in ba ka manda ne: ta tura wani sinadari zuwa fitsari, ta karɓo yurik a madadinsa. Kiton na cikin kayan wannan musaya, haka ma sinadarin laktet da barasa ke ƙarawa. Idan suka yi yawa, ciniki ya buɗe, yurik ya taru. Da ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya fara daskarewa a gaɓoɓi, ƙwayoyi masu tsini kamar allura.

Akwai kuma kitsen da ke jiki, wanda a ganina ya fi na kwano ɓarna. Ƙiba kan sa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya yi yawa a jini, shi kuma insulin yana sa ƙoda ta riƙe yurik. Binciken jami'ar Stanford ya nuna wannan alaƙa tun 1991. A 2000 likitoci a Afirka ta Kudu suka ɗora maza 13 masu gawut kan rage ci na mako 16, aka sauya musu kitse mai daskarewa da irin su man zaitun, ba a hana su furotin ba. Nauyi ya sauka, yurik ya sauka, tashin ciwon ya ragu.

Kitse ya sake ɓullowa ta wata kusurwar a 2010, lokacin da masana a Holan suka ga cewa ƙwayoyin yurik su kaɗai ba su cika tayar da kumburi ba sai sun haɗu da wani nau'in kitse mai daskarewa, wato sitiyarik. Wannan ya yi daidai da abin da masu ciwon suka daɗe suna faɗa, cewa bayan walima ake kwana ana juyi.

Shi kiton ɗin da aka kama da hannu dumu-dumu a 1965, a 2017 masana a jami'ar Yale suka same shi yana kashe wutar kumburin gawut a jikin ɓeraye. Su kuwa masu bin tsarin cin kitse da ƙaurace wa tuwo da shinkafa don rage ƙiba, yurik ɗinsu kan hau a makonnin farko kafin ya lafa, kuma a wannan tsakanin ne mai gawut ya fi zama cikin haɗarin tashin dare.