Katangar teku da namun daji: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Na amsa tambayoyin nan har bakina ya gaji. Ga su wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Wa ya fi daraja, mutum ko tsuntsu?

Mutum. Ba wanda ya ce a bar gari ya nutse saboda ƙwai. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ta fasa katangu, wato dogayen tarin ƙasa da ake ginawa don tare ruwanta, ta kashe mutum 1,836 a Holan da 307 a Ingila. Masu kare namun daji sun san wannan tarihi, ba injiniyoyi kaɗai ba.

To me ya hana a yanke ciyawar katanga duk lokacin da aka ga dama?

Sheƙa. A Ingila dokar 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, kuma yawancinsu daga Maris zuwa Agusta suke ƙyanƙyasa. Sai a tsara yanka kafin nan ko bayan nan. Amma yankan dole ne, domin gajerar ciyawa mai saiwa da yawa ita ke riƙe ƙasar katanga, kuma ta nan mai dubawa ke ganin tsaga. Shi ya sa ake kiwon tumaki a kan katangun Holan da Jamus.

Zan iya dasa bishiya a kai?

A'a. Iska ta tuge ta, ta tafi da rabin katanga.

Dabbar da doka ta kare ta haƙa rami a jikin katanga. Ya za a yi?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ba guda ba ce. Da farko, kada ka toshe ramin da hannunka. Baja, 'yar uwar dage da ke Turai, tana da dokar kanta a Ingila, ta shekarar 1992, taɓa raminta ba lasisi laifi ne. Na biyu, kada ka ce ai ƙaramin rami ne. Baki kawai kake gani. A ciki hanyoyi ne sun rarrabu, ruwa ya samu ɗaya zai riƙa kwashe ƙasa a hankali har saman ya rufta.

Abin da aka saba yi: a nemi lasisi, a sa wa bakin ramin ƙofar da ke buɗewa waje kaɗai, a jira har a tabbata babu kowa ciki, sannan a tone, a cike, a daddaɓe, a shimfiɗa ragar ƙarfe. Wani lokaci sai an gina mata wani rami a gefe, in ba haka ba ta dawo. Matsalar ita ce lasisin yawanci daga Yuli zuwa Nuwamba ake bayarwa, saboda 'ya'ya, alhali guguwar teku a hunturu ta fi tsanani. Idan a Janairu aka gano ramin fa? Ya danganta da zurfinsa, da ko ɓangaren ruwa yake ko na tudu, da abin da ke bayan katangar, gona ce ko unguwa. Wani wurin sa ido da ƙarfafa katanga ta bayanta ya isa zuwa Yuli. Wani wurin ba za a jira ba, kuma hukuma na iya ba da izinin gaggawa idan rayuka na cikin haɗari. A ganina, inda gidaje ke baya a karkata wajen gaggawa, amma injiniya da masanin dabbobi su tsaya tare a kan katangar kafin a yanke hukunci. Kuma a fara tantance dabbar, don ba kowace ce doka ta kare ba: gafiyar ruwan da ta fito daga Amurka, hukumomin ruwa na Holan tarko suke ɗana mata ba sassauci.

Yawancin irin wannan rikici sakaci ne ya haife shi. Da an zaga katanga a kan kari, da tun ramin bai yi nisa ba aka gan shi.

Dausayin nan na gaban katanga, ban da laka da sauro, me yake yi?

Yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Teku na ƙaruwa, dausayi na son matsawa baya, katanga ta tare shi, sai ya ƙanƙance a tsakani. Ranar da ya ƙare tsuntsaye sun rasa wurin kiwo, katanga kuma ta fara shan duka kai tsaye, kuɗin gyara ya hau.

Ja da katanga baya ba miƙa wuya ba ne?

Ku kwantar da hankali, ba ko'ina ake yi ba. A Medmerry, kudancin Ingila, an gina sabuwar katanga mai tsawon kilomita 7 a cikin tudu, aka fasa tsohon shingen tsakuwa a 2013. Aikin ya ci fam miliyan 28, gidaje kusan 350 suka samu kariya, tsuntsaye suka samu fili. Amma gonaki sun tafi. Manomin da ya ce zuciyarsa ta ƙuna gaskiya ya faɗa, a biya shi diyya cikakka, a daina kiransa mai taurin kai.

Na ga tsaga, ko ruwa mai laka na tsattsafowa ta bayan katanga.

Ɗauki hoto, ka lura da wurin, ka kira hukumar da ke kula da katangar yau ɗin nan. Kada ka jira wani ya kira.