Malejin mota da gudun da GPS ke nunawa

Maleji, ko mitar gudu, shi ne agogon nan na gaban direba mai nuna kilomita nawa mota ke ci a awa ɗaya. Duk wanda ya taɓa kunna Waze ko Google Maps yana tuƙi ya san abin, allura na kan 100 amma waya na cewa 95 ko ƙasa da haka, har mutum ya fara zargin ko motarsa ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau, da gangan aka saita ta haka.

Ita mota ba ta san gudun da take yi a kan kwalta ba, juyin taya kawai take ƙirgawa. A tsofaffin motoci kebul ne ke fitowa daga giyabos yana juya maganaɗisu a bayan allurar, dabarar da wani injiniyan Jamus Otto Schulze ya yi wa rajista tun 1902, na zamani kuma sansa, wata 'yar na'urar lantarki, ce ke ƙirga juyin ta miƙa wa kwamfutar motar. Matsalar ita ce taya ba ta zama a girma ɗaya. Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16, tsayinta wajen milimita 632 ne, zurfin zanenta in tana sabuwa kusan milimita 8, to in ta suɗe ya koma 1.6 tsayin ya ragu da kusan milimita 13 kenan tunda sama da ƙasa duk sun suɗe, wato kashi 2 cikin 100, dole ta ƙara yawan juyi kafin ta ci tafiyar da take ci da, sai maleji ya riƙa ƙara wa gudun gishiri. Wanda ya sa tayoyin da suka fi na kamfani tsayi shi kuma nasa ragewa zai yi, kuma wannan ne mai haɗarin, yana zuba gudu allura na ce masa da saura.

Shi ya sa doka ta shigo. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce maleji kada ya kuskura ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma an yarda ya haura da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Kenan motar da ke kan 100 na gaskiya, ko 114 ta nuna ba ta karya doka ba, 99 ne laifi. Kamfanoni sai su ɗan ɗaga shi don su tsira.

GPS kuwa, wanda waya ke auna gudu da shi, ba ruwansa da taya. Sigina yake kamawa daga taurarin ɗan'adam da ke wajen kilomita 20,200 a sama, aƙalla guda huɗu, yana auna yadda siginar ke sauyawa saboda motsi, kamar yadda kukan jiniya ke canzawa in motar asibiti ta wuce ka, abin da ake kira tasirin Dofla. A miƙaƙƙiyar hanya da gudu bai ɗaya, shi ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Amma fa yana da nawa. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta lissafi, in ka taka birki ko totur sai ya biyo baya, tsakanin dogayen benaye sigina na karo da bango ta rikice, a hanyar ƙarƙashin ƙasa kuma ɗauke wuta yake gaba ɗaya, allura ce kaɗai ke ci gaba da aiki.